Luguden Ranar Asabar

Sai da na cika shekara hamsin da huɗu, gemuna ya yi furfura, gwiwata ta fara sanar da ni hadari tun kafin ya haɗu, sannan mahaifiyata ta fara zama hira da ni. Dalili kuwa shi ne ta daina gane ni.

Ni ne ɗanta na fari. Wanda ya tashi a cikin birnin Zariya a zamaninmu ba ya bukatar ƙarin bayani, amma yanzu 'ya'yana ma sai na yi musu. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta haɗa ido da shi, ba ta zama ta yi taɗi da shi. Kunya ce. Sunana Nasidi, kuma a iya sanina sunan nan bai taɓa fita daga bakinta ba. In tana da saƙo, sai ta dubi ƙanwata Asama'u, ko da ina tsaye a gabansu, ta ce a gaya wa "wancan" abincinsa na nan a rufe. Ni kuma Yaya nake ce mata, yadda na ji ƙannenta suna kiranta, don ranar da aka yaye ni aka miƙa ni sashen kakata, katanga ɗaya tsakani, can na girma. Kakata har ta koma ga Allah tana yi mini tsiya cewa da takalmi ɗaya na tare a ɗakinta, an nemi ɗayan an rasa. Wai ita ba ta taɓa ganin miji matsiyaci irina ba.

Na daɗe ina gaya wa kaina abin bai dame ni ba. Shekara talatin ina aiki a ɗakin ajiyar fayil na wata ma'aikata, na ƙware wajen ajiye abu a inda ni kaina ba zan sake ganinsa ba.

Ciwon ya fara ne bayan rasuwar mahaifinmu. Ta zuba gishiri a koko, ta yi azahar sau biyu, ta nemi maƙwabciyar da aka binne tun ina sakandare. Likita a asibitin Shika ya ce ciwon mantuwa ne na tsufa, ya rubuta magani, ya ce mu yi haƙuri, wanda dama shi ne maganin da muka zo da shi daga gida. Asama'u, da mijinta ya rasu, ta dawo gidanmu na Limancin Kona tana kula da ita.

Wata Laraba na shiga gaishe ta kamar kullum, na durƙusa daga bakin ƙofa ina jiran amsar nan da ake yi wa bango. Sai ta ɗago ta dube ni, tsakiyar ido, ta yi murmushi.

"Maraba da Malam. Daga ina haka da rana tsaka? Ke Asama'u, kawo wa baƙo tabarma."

Na waiga in ga wanda ya biyo ni. Ba kowa.

Ranar na yi awa guda a gabanta. A ranar na san akwai ɗan tabo a gefen girarta ta hagu. Na san tana da ban dariya, ta iya kwaikwayon tafiyar kowace tsohuwa a unguwa da yadda limamin da ya aurar da ita yake gyaran murya. Daga nan kullum in na tashi daga ofis, kafin in wuce gida Tudun Jukun, sai in hau keke mai ƙafa uku in shigo birni. Wata rana ni mai karanta mitar wutar lantarki ne, wata rana malamin allurar rigakafi. Sau da yawa kuma manemin Asama'u ne ni, ta riƙa yabon tuwonta tana ɓoye mini cewa Asama'un na da jikoki uku.

Da na ga ƙofa a buɗe, sai na fara abin da bai kamaci mai furfura ba. Na fara bugun cikinta. In tambaye ta 'ya'yanta nawa, ta lissafa mini da yatsu: Sagiru na Kaduna mai faɗan tsiya, Haidar da ba ya cin kuɓewa, Asama'u auta. In ce su ke nan? Sai ta sunkuyar da kai tana gyara bakin zane, ta ce akwai wani. Rannan na matsa, na ce shi wanin wane irin mutum ne.

"Malam," in ji ta, "kai ba a garin nan ka tashi ba?"

Ciwon ya cinye sunan unguwarmu, ya cinye shekarun aurenta, amma ya zo kan kunya ya tsaya.

To a nan abin ya fara cina. Hirar tana da daɗi, amma ba ni ake yi wa ba. Ji nake kamar na buɗe kwanon da aka rufe wa wani ina ci. Abin da nake so bai da yawa: sau ɗaya, kafin ƙasa ta rufe idon ɗayanmu, ta san wane ne zaune a gabanta, ni kuma in san ko a shekarun nan hamsin ta taɓa jin wani abu in na wuce.

Da damina ta yi nisa, hirar aron ma ta ƙafe. Yaya ta daina magana. Ta juya wa ɗaki baya, ta ƙi abinci sai an yi da gaske. Da la'asar sai ta ɗaure 'yan tsummokaranta ta tsaya a bakin zaure, wai gida za ta, alhali a gidan ta shekara kusan sittin. In an dawo da ita ta zauna, yatsun hannunta na dama suna ta bugun gwiwarta. Muka ce rawar hannu ce ta tsufa, muka ƙara a jerin abin da za a gaya wa likita. Ni kuma barci ya ƙaurace mini, abinci ya koma kamar takarda a bakina. Matata Safiyatu ta ce in na yi ajiyar zuciya har labule motsi yake.

Akwai wata tsohuwar nas daga Wusasa, Sista Ethel, wadda ta karɓi haihuwar 'ya'yan Asama'u duka. Ta yi ritaya, amma duk Talata takan shigo ta Ƙofar Kuyambana da 'yar jakarta ta auna jinin Yaya. Ta haura saba'in, Hausarta ta fi tawa gishiri, kuma ba ta iya rufa-rufa ba. Wata Talata da ta gama da Yaya sai ta ce in miƙo hannu. Ta duba abin awon, ta dube ni, ta ce ita a lissafinta marasa lafiya biyu ne a gidan nan, ɗaya dai yana zuwa da takalmi mai sheƙi ne.

Ita ta kawo zancen waƙa. Ta ce a cocinsu akwai tsofaffin da ba sa gane 'ya'yansu, amma in mata suka ɗauko waƙar da suka saba tun suna 'yan mata, sai ka ji sun bi baiti-baiti ba tuntuɓe. Ta ce ba warkewa ba ce, kada in sa rai, amma takan kwantar musu da hankali, wani lokaci har ta dawo da su na ɗan lokaci.

Ni mutumin ofis ne, in aka ba ni shawara sai na mayar da ita aiki. Na sayi sifika mai fitila ja da shuɗi. Na je Babban Dodo wurin masu tura waƙoƙi, na ce a cika mini katin da ake sa wa sifikar da duk abin da tsofaffi ke ji, na kalangu, na garaya, na ƙwarya. Na rubuta jadawali: kaza bayan azahar, kaza bayan la'asar. Kwana shida ina kunna mata. A na bakwai ta miƙa hannu ta kife kwanon sha a kan sifikar, ta koma ga bangonta.

Na kai wa Sista Ethel rahoton gazawa. Ba ta ma saurare ni ba, idonta na kan hannun Yaya. Ta jawo kujera ta zauna tana kallo, can sai na ga ita ma tana buga tata gwiwar.

"Malam Nasidi, wa ya ce muku wannan rawar hannu ce? Rawar hannu ba ta da lissafi. Saurara. Ɗaya, biyu, uku, ta ɗan tsaya. Lugude take yi."

Lugude shi ne dakan da mata biyu ko uku ke yi a turmi ɗaya, kowace taɓarya na sauka a lokacinta, har ya zama kiɗa. Gwanaye kan cilla taɓarya sama su tafa kafin su cafe. Da shi na tashi. Kowace safiya ta bayan katangar kakata nakan ji shi, da wata siririyar murya a kansa da ba a jin kalmominta. Ban taɓa ɗaukarsa waƙa ba. A wurina ƙarar gida ce, kamar kukan zakara.

Sista ta tambayi yaushe aka daina daka a gidan. Asama'u ta dube ni, ni kuma na dubi silin. Ni na hana. Shekarar da na kama aiki, na rasa abin da zan yi wa matar da ba zan iya zama in yi magana da ita ba, sai na aika Asama'u ta gaya mata daga yau ta huta, ko ƙwayar gero ɗaya ce a kai inji. Saƙon da ya dawo shi ne an gode. Na shekara talatin ina alfahari da wannan kyauta.

Turmin yana nan, an kife shi a gindin rijiya ana ɗora bokiti. Taɓarya ɗaya muka samu, da ita ake tokare ƙofar bayan gida. Sauran biyun sai da na bi gida-gida, daga Limancin Kona har Kwarbai, ina sallama da babbar riga ina tambayar ko akwai taɓarya ta aro. Wani dattijo ya tambaye ni ko lafiya nake da iyalina. Na dawo da su a keke, sun leƙo ta kowane gefe, direban yana ta ba masu babur haƙuri.

Ranar Asabar da hantsi muka shimfiɗa wa Yaya tabarma a inuwar ɗaki, muka zuba gero a turmi. Sista Ethel ta ɗaure zane a ƙugu, Asama'u ta ɗauki tata. Sai aka ga saura mutum ɗaya. 'Ya'yan Asama'u bilenda, injin markaɗen zamani, suka sani, Safiyatu kuma tana fama da baya. Matan biyu suka juyo suka dube ni a tare.

Na ce ni mataimakin shugaban sashe ne. Sista ta ce turmi bai san wannan ba. Na je na sa wa ƙofar zaure sakata, na cire hula da agogo, na naɗe hannun riga.

Ban san taɓarya na da nauyi haka ba. Bugun farko na sauka a kan ta Asama'u, ƙarar ta shiga mini har haƙori. Na biyu na daki bakin turmi, gero ya watse, kajin gidan suka taso kamar an gayyace su. Sista na cewa in daina tunani, in saurara kawai. Ni kuwa tunani ne kaɗai abin da na iya. Muka tsaya, muka sake, na sake ɓatawa. Gumi ya jiƙa mini riga, na fara shirya yadda zan ce a haƙura.

"Malam, jira ta ɗaga tukuna."

Daga tabarma maganar ta fito. Kusan mako biyu ke nan ba mu ji muryarta ba. Ta juyo gaba ɗaya, fuskarta a yamutse irin ta wanda ake ɓata wa sana'a a gabansa. Ta ɗaga tafukanta ta fara tafa mana, ɗaya, biyu, uku. Ta ukun tawa ce. In na yi gaggawa ta harare ni, in na makara ta yi tsaki. Na bar kallon turmi na koma kallon hannunta. Can, ban san yadda aka yi ba, sai na ji taɓaryata ta faɗa gurbinta, ta sake faɗawa, ƙasa na amsawa a tafin ƙafata. Ƙarar safiyar yarintata ce, sai dai yau ina wannan gefen katangar.

Sai siririyar muryar nan ta hau kai. Ta tsufa, tana karkarwa, amma ita ce. Wannan karon ba katanga, na ji kalmomin.

*Daka nake, ba na magana,*
*Turmi ne mai baki.*
*Da hantsi aka ɗauke shi,*
*Ban ɗaga kai na duba ba.*
*Suna ta neman takalmi,*
*Ɗayan na cikin zanena.*
*Ku bar shi ya taka da ɗaya,*
*Ɗayan ya kwana wurina.*

Hannuna ya tsaya a sama. Asama'u ta san waƙar tun tana ƙarama, ta gaya mini daga baya, amma ba ta san labarin takalmin ba, don an haife ta kakarmu ta riga ta rasu. Ni na san labarin, ban san waƙar ba. Shekara da shekaru kowannenmu na riƙe da rabi.

"Kada ka tsaya," in ji Sista Ethel, ba ta ko dube ni ba.

Na ci gaba. Yaya ta maimaita baitin sau uku, ta ƙara wasu a kan tsadar gishiri da wata maƙwabciya mai aron rariya ba ta mayarwa, sannan ta dawo kan takalmin. Idona na ta zuba. Na so in ɗora wa ƙaiƙayin gero, amma an riga an sheƙe shi tas.

Da waƙar ta ƙare muka sauke taɓare, gidan ya yi tsit sai kaji. Yaya na kallona. Ba kallon baƙo ba ne, babu murmushin nan na maraba. Ta dubi fuskata, ta dubi furfurar, ta sauko kan rigar da ta manne mini a ciki, ta dubi ƙafafuna. Sai na ga hannunta ya tafi neman gefen mayafi a hankali. Ta ja shi ta rufe rabin fuska, ta kau da kai wajen bango.

"Ke Asama'u," ta ce, ƙasa-ƙasa. "Wa ya ba wancan taɓarya? Ki ce ya ajiye, kada a shigo a gani. Ki tambaye shi ko ya karya."

Wancan. Tun Larabar nan rabona da jin wannan suna nawa.

Asama'u ta juyo tana share ido da bakin ɗankwali, ta ce wai ko na karya. Na durƙusa a inda nake, daga nesa, yadda aka koya mini. Na ce a gaya mata na karya, na gode. Ƙarya nake, ko ruwa ban sha ba. Yaya ta ce a dama masa fura duk da haka, ba ya faɗin gaskiya a kan abinci tun yana yaro.

Ban san ta san wannan ba. Ban san ta san komai a kaina ba.

Aka yi fura da geron da muka daka, ta sha rabin kofi da hannunta, abin da ta yi mako biyu ba ta yi ba. Na zauna a gindin rijiya da nawa kofin har azahar. Ko sau ɗaya ba ta dubi inda nake ba. An sha share ni a duniya, a ofis da wajen ofis, amma ban taɓa jin daɗinsa irin na ranar ba. Da la'asar ta yi, ba ta ɗaure kaya ba.

Ran Litinin na shigo daga aiki, ta tarbe ni da fara'a, ta ce Malam ya ɓuya, ko har yanzu maganar Asama'u ce ta kawo ni. Na ce ita ce. Ta ce in ƙara haƙuri, yarinyar na da kunya. Muka yi hira mai daɗi a kan farashin da ta sayi akuya a shekarar da ban san ko wace ce ba.

Sista Ethel ta sake ja mini kunne cewa abin ba zai riƙa zuwa kullum ba, kuma zai riƙa gajarta. Ta auna ni, ta ce jinina ya ɗan sauka, ko dai dakan ne ko kukan, ita ba ruwanta da wanne. Asama'u ta ce mu buɗe tsohon adudun Yaya mu duba ko takalmin na ciki. Na ce a bar shi. Ni ma'ajiyi ne, na san wanda ya ajiye abu shekara hamsin bai ce a taɓa masa ba.

Yanzu duk Asabar da hantsi ina Limancin Kona. In sa sakata, in cire hula. Tafin hannuna ya yi kanta, abokan aiki na tambaya, na ce musu na fara lambu. Masu taɓaren aro sun gaji da aike sun bar mana. Kwana shida ina da tsohuwa mai hira da ke sona ba ta san ni ba. A rana ta bakwai nakan zo in yi gumi awa guda, ko Allah zai sa ta juya mini baya.

Wata Asabar takan yi waƙar, wata ta yi tafi kawai, wata kuma ta yi ta kallon kaji har mu gaji. Wadda ta wuce ba ta yi ko tafin ba. Muka daka har gero ya zama gari, tana zaune fuskarta a bango tun farko, ban san ko kunya ce ko ciwon ba. Na wanke hannu, na yi sallama daga bakin ƙofa, ba a amsa ba. Na fito zaure na zauna a dakali zan sa takalmi.

Daga ciki na ji muryarta, a hankali, tana tambayar Asama'u ko wancan ya tafi. Asama'u ta ce yana zaure. Ta ce to a gaya masa hadari ya haɗu, kada ya tsaya surutu a hanya.

Gwiwata ta riga ta gaya mini tun safe. Na sa ƙafa ɗaya, na zauna da ɗayan takalmin a hannu, har aka fara yayyafi.